Yarinyar da Ta Ƙi Miƙa Ƙashi

A can da, an yi wata makaranta inda duk wanda ya yi kuskuren Turanci ake rataya masa ƙashin saniya a wuya, sai wani ya yi kuskure ya miƙa masa. Don tsoro, kowa ya ja bakinsa.

Ran nan ƙashin ya faɗo kan wata yarinya. Ta tashi ta karanta, aka gyara mata. Ta sake karantawa, aka sake gyara mata.

Can ƙawarta ta yi kuskure. Malam ya ce, "Miƙa mata."

Yarinyar ta riƙe ƙashin gam, ta ce, "Wallahi, Malam, ba zan miƙa ba. Wuyana ya saba. A gyara mata kawai."

Da Malam ya tambayi wanda zai karanta, hannaye tara suka tashi.