Ganyen Wankan Tabawa

Ku matso kusa, ku rage murya. Mai fitsarin kwance ya tashi tun yanzu, kada gobe a ce ni na jawo.

Sallau mutumin Gwadabawa ne. Ya je aikin hajji da matarsa Tabawa suka yi zamansu, ya samu kiwon awaki a duwatsun kudu da Ɗa'ifa. Can sama akwai wani itace, ar'ar, wanda ba ya kaɗe ganye rani da damina. Idan gajimare ya sauko kan dutse, ganyen ke tare shi, ruwa ya riƙa ɗiga a gindinsa. Akwai namiji, akwai mace. Macen ce ke yin 'ya'ya, ƙanana, shuɗi-shuɗi. Mutanen wurin busasshen reshe kaɗai suke tsinta. Sallau ya san da haka sarai, amma mutum ne mai kunnen ƙashi.

Tabawa ta haifi 'ya mace, bayan ɓari uku. Wankan jego kuwa sai da ganye, ga shi babu darbejiya a can, babu runhu. Da la'asar Sallau ya saɓi gatari ya hau dutse shi kaɗai. Ya zaɓi wadda ta fi duhun ganye, ya sare rassa huɗu. 'Ya'yan suka yi ta zubo masa a ka.

Sai gajimare ya rufe hanya. Tsuntsaye suka yi tsit.

"Sannu da aiki, ɗan Hajo."

Hausa ce, irin ta Gwadabawa. Hajo kuwa sunan uwarsa ne, kuma ba wanda ya san shi a ƙasar nan. Ya waiwaya. Wata tsohuwa ce a tsaye, ruwa na ɗiga daga gashinta.

"Yawwa, Inna. Daga ina?"

"Nan nake tun kafin kakanka."

Ya dubi ƙasa. Ba ta da tafin ƙafa. Ƙwaurinta ya shige tsagar dutse, ya rarrabu kamar saiwa.

"Na ji an yi haihuwa," in ji ta.

"An yi."

"Ni ma goyo nake." Ta nuna rassan da ke hannunsa. "Taka ɗaya ce, ko?"

Tsoro ya kama Sallau, ba don ransa ba, don jaririyar nan.

"Inna, ki yi mini rai. Zan shuka 'ya'yan."

"Ba aikinka ba ne. Sai sun bi ta cikin tsuntsu. Zuba su kan falalen nan. Duka. Wanda ya bi ka gida, sai an maido mini shi."

Ya tsige su ɗaya bayan ɗaya, ya zuba kan falalen. Ya kakkaɓe hula, ya juye aljihu, ya zazzage takalmi. Baƙaƙen tsuntsaye suka sauko suka cinye tas. Da ya ɗaga kai, babu tsohuwa. Ya bar gatari, ya bar ganye, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

A ɗaki ya tarar da jaririya tana barci, numfashinta lafiya lau. Ya yi hamdala. Ya sunkuya zai tofa mata addu'a, sai wani ɗan abu shuɗi ya faɗo daga gemunsa. Ta damƙe.

An yi, an yi, hannun ya ƙi buɗuwa. An shafa mai, an sha rubutu, a banza. Yarinya ta girma da hannu a dunƙule. Duk ranar da gajimare ya sauko, sai ta nufi dutse, don haka Tabawa kan ɗaure ta a ƙugunta da gyale.

Tana shekara bakwai, rannan gyalen ya kwance. Tabawa ta bi ta tana kira har gindin dutse. Ta hango ta can sama, yarinyar ta buɗe hannun nan, tana miƙa wa wani. Sai gajimare ya rufe.

Ba a sake ganinta ba. Har Sallau ya tsufa, kullum da la'asar yana hawa, yana bin itatuwan ɗaya-ɗaya yana sallama.

To, kun ji. Duk wanda Allah ya kai shi can, kada ya hau dutsen nan shi kaɗai, kada kuma ya taɓa ɗanyen reshe. Ku yi addu'a ku kwanta.