Tambayar da Ya Yi Wata Huɗu Yana Koyo

Ranar Talata ya faɗo daga tsani yana gyaran wayar wuta. Bayan kwana tara ya farfaɗo. Hannuwansa sun dawo, magana ce ta ƙi. Kalma tana cikin kansa sarai, sai ta zo bakinsa ta toge.

Asibiti ya yi masa abin da asibiti ya iya, ya ba shi kati. Taga ta ɗaya ta tura shi ta huɗu, ta huɗu ta maido shi ta ɗaya. Mutumin da ba ya iya faɗin sunansa, sau shida aka tambaye shi sunan a safiya guda.

A layin ɗakin koyon magana ya haɗu da ita. Tela ce, tana kawo mahaifinta da shanyewar ɓarin jiki ta ɗaure wa harshe. Ta fizge katin daga hannunsa ta miƙa wa ma'aikacin taga.

"Malam, ga sunan nan a rubuce. Ko kai ma layin za ka shiga?"

Tun ranar ta sa masa Sarkin Surutu. Rubutu ya fi zo masa da sauƙi, sai suka koma saƙon waya.

"Tauraruwata, yau na ce cokali sau uku."

"Sannu da ƙoƙari, Sarkin Surutu. Gobe ka gwada kofi."

Mahaifiyarta kuwa ta ce sam.

"Ina da bebe ɗaya a gida, ki ƙaro mini wani? Wanda ba zai iya buɗe baki ya nemi aurenki ba, me zai ce wa likita ranar da kika kwanta?"

Maganar ta kai masa. Ya roƙi malamar koyon magana ta ƙara masa rabin awa kullum, a kan tambaya ɗaya tak. Wata huɗu suna fama. Yakan kai "za ki", sauran ya watse.

Ita tela ba ta san dalili ba. Abin da ta gani kawai, ƙofa a rufe, shi da malama. Ta aiko:

"Allah ya ba ku zaman lafiya kai da malamarka. Ita ka iya yi wa hira."

Washegari ya tare ta a kan benci, mahaifinta na gefe a keken guragu. Ya share zufa.

"Za... za ki..."

Minti ɗaya ya wuce. Ma'aikacin taga ya kira lambarsu. Tsohon, wanda ya sha jin atisayen ta bango, ya damƙe tayar kekensa ya ƙi motsi, yana harar ’yarsa.

"Za ki... za..."

"Wayyo Allah! Wannan ce rabin awar? Eh! Zan aure ka. Tashi mu je, za a rufe!"

A gida tsohon ya yi ta buga sanda a ƙasa har uwar ta gaji.

"Na ji! Allah ya yi musu albarka. Ya ba ni haƙuri da ku duka."

Aka ɗaura aure, dangi suka yi addu'a suka watse. Ranar nan tambayar ta zo masa cikakkiya, kowace kalma a wurinta. Ya buɗe baki, amarya ta ɗaga hannu.

"Na riga na amsa. Riƙe mini wannan jakar."

Ya riƙe jakar. Har yau bai taɓa ce mata "Za ki aure ni?" ba.