Tururuwa a Ƙafar Kaka

Auta yana son ƙwai kamar me. Kullum idan Mama ta kai wa Kaka abinci, sai Kaka ta tsame nama da ƙwai ta miƙa masa.

"Ungo, maigidana. Kada ka gaya wa uwarka."

Shi kuwa gogan naka sai ya cinye, ya goge baki. Sun daɗe suna haka.

Wata rana Kaka ta ce, "Auta, duba mini. Tururuwa na yawo a ƙafata."

Ya duba, bai ga komai ba. Ya yi ta dariya.

Daga baya Kaka ta fara tafiya tana tangaɗi. Takalminta yakan cire ba ta sani ba. Ta ajiye carbi, ta manta inda yake. Auta ya riƙa kwaikwayon tafiyarta, bai gaya wa kowa ba.

Ran nan ya dawo daga makaranta, sai ya ga jini a tsakar ɗaki. Kaka ta taka fasasshen kofi, amma tana zaune abinta.

"Kaka, ba ki ji zafi ba?"

"Zafin me?"

 Auta ya ruga wajen Mama yana kuka. Ya faɗa mata komai, har da ƙwan.

A asibiti likita ta ɗaure ciwon, ta gwada jinin Kaka. Ta ce, "Bitamin B12 ne ya yi mata ƙaranci. Jijiyoyi da ƙwaƙwalwa suna bukatarsa. Ana samunsa a nama, kifi, ƙwai da madara. Jikin tsoho kuma ba ya ɗaukarsa sosai."

Auta ya ce, "Za ta daina tafiya?"

"A'a, kun zo da wuri. Za mu yi mata allurai."

Mama ta ce, "Alhamdulillahi!" Auta ya ji kamar an sauke masa kaya.

Bayan 'yan watanni, Kaka ta sake miƙo masa ƙwai.

"Cinye abinki," in ji Auta. Sai ya sunkuya ya sosa mata tafin ƙafa.

"Kai, ja'iri! Bari!" Ta janye ƙafar tana dariya.

"Mama! Ta ji! Ta ji!"

Tun daga ranar Auta ya gane: idan babba ya faɗi abin da ke damun jikinsa, ba abin dariya ba ne. A gaya wa iyaye da wuri.