Dutsen Ƙarƙashin Taya

A wani gari mai gangara an yi wani direba, shi ne mijina, Allah Ya jiƙansa. Birkin hannun motarsa ya saki, sai ya riƙa tokare taya da dutse. Kullum na ce, "Maigida, a ɗaure birkin nan," sai ya ce, "Gobe."

Ranar sadakar ukunsa, wata mai girki ta rasa dutsen murhu na uku, ta zare wancan. Motar ta gangaro, ta bi ta kan tabarmar da yara ba su daɗe da tashi ba, ta tsaya jikin katanga.

Na aika aka kira bakanike. Ya ce, "Inna, ana zaman makoki, a bari sai gobe."

Na miƙa masa makulli, na ce, "Yau."