Ƙwaryar Goggo Yelwa a Dandalin Bakin Ruwa

Ihun Goggo Yelwa ne ya tsayar da lilo. Yara suka daina tsalle, mai gurmi ya cire hannu daga kiɗa, kowa ya juyo wajen ɗakin nunin kayan gargajiya.

"Ina ƙwaryata? Hammawa, ina ƙwaryar uwata?"

Washegarin Ƙaramar Sallah ce, shekarar da ruwan Challawa ya fara cika bayan an tare shi. A gefen Karaye matasa sun share bakin ruwan sun mai da shi wurin shaƙatawa: ga lilo, ga kwalekwale, ga raƙumi da kada na siminti da yara ke hawa, ga doguwar katanga da aka zane da shanu da masunta da motar ɗaukar gyaɗa. Masu shirya wurin sun bi Goggo har ƙauyensu Ruwan Bago, a ƙasar Rogo, suna roƙo, ta ara musu babbar ƙwaryar nonon da ta gada, mai sassaƙen da yanzu babu mai iya irinsa. Tun sassafe ta cika mota da jikoki daga Rogo don su ga abin kakarsu a gaban jama'a. Da safe sun gani. Bayan azahar suka dawo, sai gammo kaɗai a kan tebur.

Hammawa mai gadi ya fara rantsuwa. Goggo ba ta jira ya gama ba.

"Rufe ƙofar dandali! Ko allura kada ta fita!"

Ya ruga ya rufe. Kofur Shitu, ɗan sandan da aka turo tsaron wurin, ya iso yana goge man tsire a hannunsa.

"Sannu Goggo, a yi haƙuri."

"Haƙuri ka kai wa uwarka. Ni ƙwarya nake so."

Kofur ya haɗiye maganar, ya juya kan mai gadi. "Yaushe ka bar ɗakin nan?"

"Salla kawai na je, ranka ya daɗe."

"Ka kulle?"

"Na jawo ƙyaure."

"Ya jawo ƙyaure!" in ji Goggo. "Ka ji sakarai. Wa ya gan ka a masallaci?"

Mutane da dama suka ce a sahu ɗaya suka tsaya da shi, kuma tare suka dawo. Kofur ya ce to ba shi ba ne. Goggo ta ce ba ɓarawo ba ne, amma ba mai gadi ba ne kuma.

Suka zaga bayan ɗakin. Nan Kofur ya durƙusa, idonsa ya yi haske. Ɗigon wani jan abu ne a ƙasa, ya yi layi ya bi gindin katanga.

"Fenti! A kira min mai zane."

Aka kawo Lukumanu, saurayin da ya zana katangar, riga duk launi, buroshi a bayan kunne.

"Kai ne ka ce wa Hammawa kana son a ba ka ƙwaryar nan?" in ji Kofur, don mai gadin ya riga ya tsegunta masa.

"Na ce a ara min in kwaikwayi sassaƙenta a bango. Ya hana."

"Da ya hana sai ka ɗauka."

"Wallahi tun hantsi ina kan tsani. Ku tambayi yaran nan, suna ta ce min wutsiyar saniya ta yi gajarta."

Yara suka ɗauki sowa: "Ta yi gajarta! Ta yi gajarta!"

Goggo ba ta kula su ba. Ta tsuguna da ƙyar, tana dafe da gwiwa, ta kai fuska kusa da ɗigon.

"Kofur, zo nan. Tun da uwarka ta haife ka, ka taɓa ganin tururuwa na shan fenti?"

Ya leƙa. Kowane ɗigo baƙi ƙirin da ƙananan tururuwa. Goggo ta dangwala yatsa ta lasa.

"Zoɓo ne. Har da citta. Sake min yaron nan ya koma ya ƙara wa saniyarsa wutsiya."

Nan fa wuri ya kaure. Jama'a suka biyo su ɗuu, mata da goyo, dattawa na tattare babbar riga, kowa na nuna ƙasa yana cewa ga shi nan, ga wani can. Suka wuce raƙumin siminti, suka isa rumfar masu sayar da abin sha. Mata biyu ke zaune, kowacce da robarta da ludayi. Kofur ya ɗaga robar Lauratu, ƙasanta a bushe. Ya ɗaga ta Adama, haka.

"Ku biyu ne kaɗai?"

"Mu uku ne," in ji Adama. "Maiturare ta tashi yanzun nan, wai kanta na ciwo."

"Ta sayar da nata?"

"Ina! Ko rabi ba ta yi ba. Ni har na yi mamaki, rana na ƙuna haka, mutane na layi."

"A me ta ɗauka?" Goggo ta tambaya.

"Da roba ta zo. Amma da za ta tafi, wani abu na gani a kanta, an naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Na ce ko don ya yi sanyi ne."

"Ƙofa a rufe take," in ji Kofur.

Goggo ta ce, "Kogi ma a rufe yake? Bakin ruwa, maza!"

Tsohuwar da ke kukan gwiwa ita ce a gaba. Da suka gangara, kwalekwalen Maikuɗi ya riga ya bar gaɓa, cike da masu yawon buɗe ido. A tsakiya ga wata mace zaune, ta rungume kaya a cinya.

Kofur ya busa usur. Goggo ta fi usur ƙara.

"Maikuɗi! In ka ƙara tuƙi ɗaya, har gidanku zan je in gaya wa ubanka!"

Maikuɗi ya juyo da jirgi ba gardama. Maiturare ta fito tana yamutsa fuska.

"Lafiya? Zoɓona ne. Ko shi ma haramun ne?"

"Juya bayanki," in ji Goggo.

Ba ta juya ba, amma jama'ar da ke bayanta sun gani. Daga ɗankwali har tsakiyar baya farin mayafinta ya rine ja. Kofur ya kwance buhun. Sassaƙen ƙwarya ya bayyana, zoɓo na tsiyaya ta gindinta. Wuri ya ɗauki kabbara da guɗa.

Maiturare ta zube. Ta ce lokacin salla ta ɗauke ƙwaryar, ta juye zoɓonta a ciki a bayan ɗakin. Wani dillali ne daga Kano, mai sayen tsofaffin kaya yana kai wa Turawa, yake jiranta a tsallake. Ta san in aka farga za a bincika jaka da kwando, amma ba mai tsoma hannu cikin zoɓo.

"Dabara ta yi," in ji Kofur. "To Goggo, me ya sa ya zuba?"

Goggo ta karɓe ƙwaryar, ta kifar da zoɓon a ƙasa, ta nuna masa wani siririn layi a gindi.

"Ɗinkin gyartai ne, tun ina budurwa ta tsage aka ɗinke. Ƙwarya mai ɗinki in ta daɗe a rataye, ba a zuba mata komai sai an jiƙa ta ɗinkin ya kumbura ya kama. Duk 'yar da ta tashi a ruga ta san haka. Wannan kuwa roba ta sani." Ta leƙa cikin ƙwaryar, muryarta ta sauka. "Dubi yadda ta mai da min ita. Farar ƙwarya, ba abin da ya taɓa shiga cikinta sai nono. Wannan jan ba zai fita ba har in mutu."

Maiturare ta ce, "Goggo, don Allah ki yafe."

"Gaban alƙali za ki faɗi wannan."

Kofur ya miƙo hannu a hankali. "To sai dai ƙwaryar za ta bi mu caji ofis, ita ce shaida. In an gama shari'a a dawo miki da ita."

Goggo ta dube shi daga hula har takalmi.

"Sau ɗaya na ba da aro, ka ga abin da ya fito."

Ta kira babbar jikarta ta ce ta kai ƙannenta su hau kadan siminti, kada wanda ya kusanci ruwa. Sannan ta ɗora ƙwaryar a kafaɗa, ta nufi motar 'yan sanda, ta buɗe gaba ta zauna a kujerar Kofur.

"Goggo, nan wurina ne."

"Hau baya da ɓarauniyarka. Direba, mu je."