Hoton da Aka Cire Daga Bango

Da hantsi aka kawo ƙara cewa an sace hoto ɗaya a zauren baje kolin hotuna. Kafin Insifekta ya iso ofis, har an kwaso samari huɗu daga ƙarƙashin gada an zuba a sel, wai gobe sai kotu. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Kullum haka ake yi, in abu ya ɓace sai a fara da wanda ba shi da gata.

A zauren ya tarar da mai hoton tana huci. Shekara biyu ta yi tana bin samarin nan da kyamara, masu wankin mota da masu tsintar ƙarafa.

"Ranar buɗewa ma hana su shiga aka yi, wai kayansu da datti," in ji ta. "Hotunansu na ciki, su suna waje!"

Manajan zauren ya gyara zaman tabarau. "Yallaɓai, ɓarayi ne. Maigadi ya gan su suna haura katanga."

Insifekta ya dudduba zauren. Ga kyamarori biyu a kan tebur ba a taɓa ba. An zare hoton a tsanake an jingine firam, har ɗan katin da ke ƙarƙashinsa an ɓamɓare. Wane irin ɓarawo ne zai bar kyamara ya ɗauki takarda?

Ya ja maigadi gindin katanga, ya nuna masa fasassun kwalaben da ke samanta.

"Na duba hannayen yaran nan, ko ƙwarzane babu. Tashi suka yi kamar tsuntsaye?"

Maigadi ya fara inda-inda.

"Ka buɗe baki, ko ka maye gurbinsu!"

"Wallahi Manaja ne ya ce in faɗa."

Insifekta ya koma wajen mai hoton. "Me ke rubuce a katin?"

"Ba na ɗaukar mutum sai ya gaya mini magana ɗaya, ita nake rubutawa. Na cikin wannan hoton Dogo ne, yana cikin waɗanda kuka kulle. Ya ce, 'Babana yana wuce ni kullum da safe, sai ya ɗaga gilashin mota.'"

Insifekta ya sa aka kawo Dogo ofishin Manaja. Saurayin ya tsaya a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai.

"Ina wuni, Baba."

Gumi ya keto wa Manaja. Da aka buɗe but ɗin motarsa, ga hoton a nannaɗe.

"Manyan baƙi za su zo gobe, abokaina ne," in ji shi. "Na gaya wa kowa ɗana yana karatu a ƙasar waje. Sau uku ya faɗi jarrabawa, na kore shi."

"Ka san yana cikin waɗanda aka kama?"

"Na sani."

Insifekta ya sha ganin mugaye, amma na yau ya fi ba shi takaici. Da kansa ya ɗaura wa Manaja ankwa, ya ba da umarni a saki samarin yanzu-yanzu.

Ana fita da Manaja, Dogo ya biyo su da sauri har bakin mota.

"Yallaɓai, don Allah kada a sa shi ɗakin da aka sa mu. Babu iska a ciki, kuma yana da asma."