Abin Da Yaya Ya Datse

"Ɗauke hannunki daga kan kwamfutar nan!"

Ko juyowa ban yi ba.

Yaya ne mai kamfanin, ni ke tace masa finafinai. Fim ɗinmu na jarumi mai tashi sama ya fito, 'yan kallo suka yi masa ca. Wai jarumin gunki ne, daga naushi sai rusa gini.

Jarumin kuwa Dogo ne... Dogona.

Tun kafin fim ɗin ya fito, abokiyar wasansa a cikin fim ɗin, da ta daɗe tana harinsa, ita ta kai wa Yaya gulmar soyayyarmu. Washegari ya ƙwace aikin tace fim ɗin daga hannuna, ya sa aka datse duk inda Dogo ya yi magana kamar mutum.

"Yaya, ka cire inda yake jinyar mahaifiyarsa! Ka cire inda ya kasa ceton direban bas, ya zauna bakin gada yana kuka! To wa zai damu in ya faɗo daga sama?"

"Fim ya yi tsawo."

"Dogo dai ya yi maka tsawo!"

"Ni kike gaya wa haka? A kan ɗan wasa? Kin bar aikin nan daga yau!"

Na ɗauki jakata na fita.

A bakin titi na tarar da Dogo, duk ya rame.

"Masoyiyata, ki haƙura... ba zan raba ki da ɗan'uwanki ba. Zan bar wasan."

"Bari ka gani! Ni ban zaɓi matsoraci ba."

Daraktan fim ɗin ma abin na cinsa. Ya ba ni ainihin hotunan, na mayar da komai wurinsa, muka haska a wata ƙaramar silima.

Da aka zo wajen gadar, ɗakin ya yi tsit, sai jan hanci. Da jarumin ya share fuska ya sake tashi, mutane suka miƙe suna ihu!

A ƙofa muka yi kiciɓis da Yaya, idonsa jajir. Ashe yana layin baya.

"Mura ce," ya ce, ba wanda ya tambaye shi.

Ya dubi Dogo sama da ƙasa.

"Ka zo gida. Umma na son ganinka." Ya juyo kaina. "Ke kuma har yanzu korarriya ce."

"Na sani. Da ƙafarka za ka zo ka roƙe ni."

Sati biyu bayan aurenmu ya zo. Sai da na bar shi a falo shayinsa ya huce, sannan na fito.